Ƙafar Hagu Lafiya Lau

Ni lauyan filaye ne. Kawo mini rigimar iyaka, ko katangar da maƙwabci ya turo cikin gidan marayu, in yi maka bayani har ka roƙe ni in yi shiru. Shari'ar asibiti kuwa ban taɓa yi ba, ban kuma taɓa sha'awarta ba, don ni ko allura za a yi mini sai na kau da kai ina salati. Sai ga shi wata Laraba da hantsi ƙanwata ta faɗo ofishina ba sallama, da farar rigar aiki a kafaɗa, ta ajiye mini sammaci a kan taswirar wani fili.

Auta muke ce mata, ita ce ta ƙarshe a wurin Mama, ita ce kuma likita ɗaya tilo da danginmu suka taɓa fitarwa. Tun da ta gama karatu Mama ta daina cewa 'ya'yana, sai dai Likita da yayyenta. Mu da muka riga ta zuwa duniya muka koma 'yan rakiya.

"Yaya, an kai ni ƙara," in ji ta.

"Filin wa kika shiga?"

"Ba wasa nake yi ba."

Na dubi idonta, na ga lallai ba wasan ba ne, na ture taswirar gefe.

Ga yadda abin yake. Akwai wani tsoho mai gyaran agogo a bakin kasuwa, kowa Baba Mai Agogo yake ce masa. Ciwon suga ya cinye masa ƙafar hagu tun shekarun baya, daga gwiwa zuwa ƙasa roba ce, amma da ƙafar dama da sanda yake zuwa shagonsa kullum, bai taɓa neman a kai shi ba. An kwantar da shi a ɗakin da Auta take aiki saboda ciwon ƙirji. Ƙirji ya yi sauƙi, sai wani ɗan miki ya fito masa a ƙarƙashin babban yatsan ƙafar da ta rage. Kafin a farga ya yi baƙi, aka yanke rabin tafin ƙafar. Babban ɗansa ya ce sakaci ne, ya ce ba wanda ya taɓa ɗaga bargo ya dubi ƙafar ubansa, ya maka asibiti da Auta a kotu. In kotu ta yarda da shi, hukumar likitoci za ta ƙwace lasisinta, ta koma gida ta zauna da karatun da ta kwashe ƙuruciyarta tana yi.

"Kin duba ƙafar ko ba ki duba ba?"

"Kullum. Ni na fara ganin mikin ma. Ni na wanke, na sa bandeji, na buga wa likitan tiyata waya na ce ya hawo ya gani. Washegari aka tura ni wani kwas na 'yan kwanaki. Da na dawo na tarar bai zo ba."

"To ai shi ke nan. An rubuta duk wannan, ko?"

Ta shiga wasa da maɓallin rigarta. Tun tana yarinya haka take yi in ta fasa kofi.

Asibitinsu ya daina aiki da takarda. An ba su kwamfuta a kan teburi mai taya, suna tura ta daga gado zuwa gado, kowane majinyaci da fayil ɗinsa a ciki. Shafin da likita zai cike kullum kuwa dogo ne kamar layin gidan mai: ido, kunne, wuya, ƙirji, ciki, hannuwa, ƙafafu, kowanne da gurbinsa, kuma na'urar ba ta barin ka wuce in ka bar gurbi ɗaya. Ga gadaje cike, ga wasu a baranda suna jira. Sai masu manhajar suka ji tausayin likitoci, suka sa wani ɗan koren madanni a sama. Da ka taɓa shi, sai ya cike duk guraben da lafiya lau, kai kuma ka gyara wurin da ba lafiya ba. Washegari ma ba sai ka wahala ba, bayanin jiya zai taso da kansa, ka taɓa ya zama na yau. Ɗan Kore suke ce masa, kuma in ji Auta ba likitan da ba ya sa masa albarka.

Ita ƙirji aka kwantar da tsohon dominsa, don haka gurbin ƙirji take gyarawa. Sauran ta bar wa Ɗan Kore.

Na karɓi kwafin fayil ɗin na karanta. Ƙafar dama, lafiya lau, ba rauni. Ƙafar hagu, lafiya lau, jijiya na bugawa, yatsu na motsi. Na juya shafi, haka. Na sake juyawa, haka. Tun ranar da aka kwantar da mutumin har ranar da aka shiga da shi tiyata, ƙafar da aka binne tun kafin Auta ta shiga jami'a tana nan tana motsa yatsu.

Allah ya yafe mini, dariya ta ƙwace mini. Auta ta harare ni har na haɗiye ta.

"To saurara," na ce. "Daga yau kada ki taɓa fayil ɗin nan. Kada ki buɗe shi, kada ki wuce ta kusa da shi. In kin gan shi a hanya, tsallaka titi."

Ta koma wasa da maɓallin.

"Auta."

"Gaskiya kawai na ƙara, Yaya. Jiya da aka kawo mini sammacin. Na shiga bayanin ranar, na rubuta cewa na ga miki, na wanke, na kira tiyata. Abin da ya faru ne ai."

Na miƙe na zagaya teburina, na dawo na zauna. Raina ya ɓaci sosai, tsoro kuma ya kama ni, don ni na san abin da ba ta sani ba. Takarda ba ta da baki. Kwamfuta kuwa 'yar gulma ce ta ƙarshe: duk wanda ya buɗe fayil tana rubuta sunansa, da ranar, da shafin da ya duba, da abin da ya goge, da abin da ya ƙara. Ba ta mantuwa, ba ta kuma san kara ba. Gaskiyar da Auta ta rubuta watanni bayan faruwarta, ranar da sammaci ya iso hannunta, a idon alƙali kamannin ƙarya za ta yi.

Da yamma muka je wurin Mama, don ba yadda za a yi a ɓoye mata. Ta saurara har ƙarshe tana ninke wanki, sannan ta ce, "To ita wannan na'urar ba a kashe ta ne?"

"Ko an kashe ta, Mama, abin yana nan."

"Oho. Kai dai tun da ka zama lauya ban ga abin da ka tsinana wa gidan nan ba, kullum kana rana kana awon filin mutane. To ga ranarka ta zo. Ka fitar mini da Likita."

Asibiti yana da lauyansa, wani dogo mai ƙamshin turare, amma zama ɗaya na yi da shi na gane inda ya dosa. Shi dai asibiti ya fita, in ya so a ce likita ce ta danna abin da bai kamata ba. Don haka na tsaya wa ƙanwata da kaina, na kwashe makonni ina karatun jijiyoyin ƙafa kamar mai shirin jarrabawa.

Lauyar ɗan tsohon kuma 'yar ajinmu ce a makarantar lauyoyi. Reza muke ce mata, don takan yanki mutum bai ji ba sai ya ga jini. Ƙarama ce, muryarta a ƙasa, kullum da murmushi kamar ta zo barka. Ta nemi kotu ta sa asibiti ya kawo tarihin duk wanda ya taɓa fayil ɗin, aka kawo mana tari guda. Ni na bi shi ina laluben sunan Auta kawai, inda duk na gani in ja layi.

Ranar shari'a ɗakin kotu ya cika, fanka ɗaya ke aiki, ita ma tana kuka. Mama ta zauna a layin gaba da jakarta a cinya. Aka turo Baba Mai Agogo a keken marasa lafiya, siririn tsoho mai farin gemu, da gilashi a ɗaure da zare, sandarsa a kwance a kan gwiwoyinsa. Yana hango Auta ya ɗaga mata hannu, ɗansa ya sauke masa hannun.

Reza ta sa Auta a akwatin shaida, ta miƙa mata fayil ɗin.

"Likita, ki taimaka ki karanta wa kotu abin da kika rubuta kan ƙafar hagu."

Auta ta karanta da ƙyar.

"Yatsu na motsi," Reza ta maimaita a hankali. Ta juya wurin tsohon. "Baba, ko za ka motsa mana su mu gani?"

Tsohon ya ɗaga sandarsa ya ƙwanƙwasa ƙaurinsa na hagu. Ƙwas, ƙwas. "Ranki ya daɗe, tun da aka ba ni ita ba ta taɓa motsi ba. Amma kuma ba ta taɓa ciwo ba, a faɗi alherinta."

Kotu ta kwashe da dariya. Alƙali, wani mai furfura da ba a san shi da fara'a ba, ya sunkuyar da kai yana gyara alƙalaminsa na tsawon lokaci.

Daga nan Reza ta shiga yanka. Wanda ya ga yatsu a jikin roba, ta ce, ta yaya za a yarda ya ga miki a jikin nama? Sannan ta ɗauko tarihin na'urar, ta nuna ranar da aka ƙara maganar wanke miki da kiran tiyata, ta ajiye ta kusa da ranar da ke jikin sammaci. Ta bar kotu ta haɗa da kanta. Na ji Mama a bayana tana ta jan numfashi.

Da aka zo kaina, ba ni da wani makami sai tsohon nan da aka kawo don ya rushe mu. Na yi kasada na je gabansa na rusuna.

"Baba, likitar nan ta taɓa duba ƙafarka?"

"Kullum da safe," ya ce. Ɗansa ya yi motsi, tsohon ya dube shi. "Kai ba ka nan, kana wurin aiki, da yamma kake zuwa. Rantsuwa na yi, ba zan yi wa yarinya ƙarya ba." Ya juyo gare ni. "Ita take cire mini safa da hannunta. Hannun nan nata sanyi kamar ta fito da shi daga firji, har nakan ce mata ta riƙa hura shi tukuna. Ita ta ga abin ma, ni ban ji shi ba, ƙafar ba ta jin komai. Ta wanke ta naɗe, ta ciro waya a gabana ta kira wani ta ce ya zo ya gani. Na ji da kunnena."

Na koma kujerata ina jin kaina kamar na ƙara tsawo. Na waiwaya na dubi Mama don ta shaida cewa mai awon fili ma yana da amfani. Lauyan asibiti har ya miƙo mini hannu.

Reza ba ta daina murmushi ba, abin da ya kamata ya dame ni ke nan. Ta miƙe ta ce ta yarda, likita ta duba, ta kuma kira. Tana da shaida ɗaya da ya rage, likitan tiyata.

Ya shigo, wani ƙaton mutum mai jajayen idanu, da gani barci bai ishe shi ba tun shekarar da ya fara aiki. Auta ta ɗaure fuska. Watanni ke nan ba ta gaishe shi, don a wurinta shi ne ya ƙi zuwa.

"An kira ka?" in ji Reza.

"An kira ni. Ina tsakanin tiyata biyu."

"Me ka yi?"

"Abin da nake yi kullum. Kira yana yi mini yawa, ba zan iya hawa kowane bene ba, sai in buɗe fayil in ga wanda ya fi gaggawa. Ina ajiye wayar na buɗe nasa, na je gurbin ƙafafu. Na ga an rubuta lafiya lau, ba rauni, da sunanta a ƙasa, bayanin ranar. Na ce ko lambar gado na ji ba daidai ba, ko kuma abin bai kai a rubuta ba. Na sa shi a ƙarshen layi. Washegari na sake dubawa, likitan da ya karɓe ta ya rubuta lafiya lau. Sai na cire shi."

"Likitan da ya karɓe ta ya duba ƙafar?"

"Ban sani ba. Na san dai bayanin jiya yakan taso da kansa."

Reza ta ɗaga tarihin na'urar, ta nuna layin da sunansa yake, da shafin da ya buɗe, jim kaɗan bayan kiran. Layin yana cikin tarin da ke gabana, tsakanin layuka biyu da na ja wa jan biro. Ban gan shi ba, don ba sunan ƙanwata ba ne.

Na dubi Auta. Ba kotu take kallo ba, ƙafar tsohon take kallo, wadda ke naɗe da farin bandeji a kan matakin keken. Sai a lokacin ta san abin da ya hana likitan tiyatan zuwa. Duk watannin nan muna ɗaukar ƙafar hagu abin dariya da abin kunya, ashe layin da ke samanta, na ƙafar dama, shi ya yi ɓarnar. Wannan karon ba wanda ya yi dariya.

Alƙali ya tambaya ko muna da tambaya ga shaidan. Ina da su, na ma fara miƙewa. Zan tambaye shi me ya hana shi ɗaga waya ya tabbatar, zan tambayi asibiti wa ya sa madannin da ke rubuta abin da ba a gani ba. Auta ta riƙe mini hannun riga.

"Ka yi wa asibiti tambayarka, Yaya," ta ce a hankali. "Shi ka ƙyale shi. Abin da na rubuta ya karanta."

Na ƙyale shi. Asibiti kuwa ban raga masa ba, sai da lauyansu ya jiƙe da gumi, turaren ya gudu.

Hukunci ya fito bayan 'yan makonni. Kotu ta ce likita ta duba majinyacinta, amma ta sa hannu a bayanin da ba gaskiya ba, bayanin kuma ya jawo jinkirin da ya ci ƙafar. Ta ɗora wa asibiti diyya, ta yi masa faɗa kan Ɗan Kore, ta yi wa Auta nata faɗan kan gyaran da ta yi daga baya. Hukumar likitoci ba ta ƙwace lasisin ba, ta dai dakatar da ita na rabin shekara, aka rufe mata shiga na'urar. Mama ta ce da lauyan kirki ne da ko kwana ɗaya ba za a ba ta ba, amma ta faɗa tana share hawaye, ta kuma dafa kafaɗata.

Ranar da aka karanta hukuncin, muna fitowa muka tarar da tsohon a baranda, ɗansa ya je neman mota. Na so mu wuce, don lauya ba ya son wanda yake karewa ya tsaya hira da wanda ya kai shi ƙara. Auta ta saki hannuna ta nufe shi.

"Baba, ka yafe mini."

"Haba Likita. Ke da kika ba ni ƙafa kyauta." Ya yi 'yar dariya, sannan ya dubi keken. "Shagon ne dai na rufe. Matakala uku ne a ƙofar, keken ba ya hawa."

Auta ta durƙusa a kan simintin da kayanta na zuwa kotu, ta hura tafin hannunta, ta ɗaga bakin bandejin a hankali. Ta daɗe tana dubawa. Ta danna wani wuri kusa da diddige, ta sake dannawa.

Ɗan ya dawo ya tsaya a kanmu, fuska a murtuke.

"Yaushe aka duba nan?" ta tambaye shi.

"Shekaranjiya. Sun ce lafiya lau."

"Gefen nan ya yi ja, kuma da zafi. Kada ku jira ranar da aka ba ku, ku koma yau." Ta laluba aljihunta, ta tuna nan ba na'urar da za ta shigar da bayanin. Ta juyo. "Yaya, ba ni biro."

Na ba ta, na kuma ba ta takardar da ke hannuna, kwafin hukuncin da aka yanke mata. Ta juya bayanta, ta ɗora a kan gwiwa, ta rubuta abin da ta gani: wace ƙafa, wane gefe, faɗinsa, launinsa, da abin da take tsoro. Ta sa kwanan wata, ta sa sunanta. Ta miƙa wa mutumin da ya kai ta ƙara.

"Kada ka ba kowa ya shigar maka a na'ura. Ka sa a hannun likitan, ka tsaya har ya cire bandejin a gabanka."

Ya dubi takardar, ya dubi ubansa, sannan ya sa hannu biyu ya karɓa.